Bangon Tsoho Da Teburin Edita

Jawabin babban baƙo mai jawabi a taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma Uban Taro, Allah Ya ƙara maka lafiya. Mai girma Hakimi, Allah Ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa. Iyayenmu dattawa maza da mata. 'Yan'uwa da kuka taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Ikko da Fatakwal da sauran garuruwan da neman abinci ya kai mu, ina yi wa kowa barka da zuwa gida, da fatan kun baro iyali lafiya.

Da kwamitin shirya taro ya aiko mini da takarda, abin da aka nema shi ne in yi magana a kan kafafen watsa labarai da ci gaban al'umma. Na duba taken, na ga faɗinsa ya fi ƙarfin minti talatin da aka ba ni, ya kuma fi ƙarfin numfashin mutumin da ya haura saba'in. Saboda haka na roƙi Shugaba ya yarje mini in tsuke shi, in ɗauki abu guda in tsaya a kansa. Abin da na ɗauka wani tsohon wasan kwaikwayo ne na talabijin daga ƙasar Amurka, wanda aka daina nunawa tun kafin a haifi yawancin matasan da ke wannan zaure. Na san wani zai ce a ransa, mu da muka zo jin maganar rijiyar burtsatse da rufin makaranta, ina ruwanmu da wasan Turawa? Ku yi mini haƙuri, in tafiya ta yi nisa za ku ga inda ya shafe mu.

Sunan wasan Lou Grant. Gidan talabijin na CBS ne ya riƙa nuna shi sau ɗaya a mako, daga watan Satumba na 1977 zuwa 1982, kashi 114 ke nan gaba ɗaya. Ni kuwa na gamu da shi ne tsakanin 1978 da 1979, lokacin da wurin aiki ya tura ni kwas can, ina ƙaramin ɗan rahoto. Sunan wasan sunan jigon cikinsa ne, wani edita kakkaura mai sanƙo, mai saurin faɗa amma mai taushin zuciya, wanda ɗan wasa Ed Asner ya fito a matsayinsa. Kafin wannan wasa, masu kallo sun yi shekara bakwai suna ganin Lou Grant ɗin a wani wasan ban dariya, yana shugabantar sashen labarai na wani gidan talabijin a birnin Miniyafolis. A kashin ƙarshe na wancan wasa aka sallame shi daga aiki. Sai marubuta suka ɗauko shi da shekarunsa, suka kai shi birnin Los Anjeles, suka ɗora shi a kujerar editan labaran cikin gari na wata ƙagaggiyar jarida da suka kira Tribune. Daga nan dariya ta ragu, magana ta zama ta gaske. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan rahoto mai rawar kai da ji da kansa, Rossi, da wata mai natsuwa da bin diddigi, Billie Newman. A samansa kuma akwai mai jaridar, wata dattijuwa mai izza da mijinta ya rasu ya bar mata kamfanin. Kowane mako sukan ɗauki wata matsala ta jama'a su bi ta ta idon waɗannan ma'aikata.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai sana'ar, shi ne zaman da editoci ke yi kullum a kewaye da dogon teburi, inda ake yanke abin da zai hau shafin farko, da abin da za a tura can ciki kusa da tallace-tallace, da abin da zai ƙare a kwandon shara. Wanda bai taɓa aiki a ɗakin labarai ba yana zaton labari shi yake kawo kansa. Ba haka ba ne. Mutane ne 'yan ƙalilan, a gajiye, agogo na korarsu, suke zaɓe. Kuma mudun da muke awo da shi, a jarida ne ko a rediyo ko a talabijin, kusan guda ne: me ya faru jiya, wa ya faɗa, mutum nawa ya shafa, akwai hoto? Gobarar kasuwa takan cika mudun nan har ta zuba. Haɗarin mota yakan cika shi. Jawabin gwamna, ko da babu komai a cikinsa, yakan cika shi. To, amma ku auna tsohon da zai rasa muhallinsa da wannan mudu ku gani. Abin nasa ba jiya ya faru ba, shekara goma ya yi yana faruwa. Kuɗin haya na hawa, fansho na tsaye wuri ɗaya, ido na dushewa, abokan da za su ranta masa suna ta riga shi tafiya. Ranar da zai fitar da akwatinsa da tabarmarsa babu hayaƙi, babu jini, babu jiniya, kuma shi kansa kunya ba za ta bar shi ya yi kururuwa ba. A idon edita, wannan ba labari ba ne.

Marubutan Lou Grant sun gane wannan giɓi, sai suka nemo dabarar da za ta sa ido ya ga abin da ba ya ganuwa. A farkon 1978 suka nuna wani kashi mai suna Renewal, wato sabuntawa, kalmar da hukumomin biranen Amurka ke sakayawa da ita in za su yi rusau. Labarin wani dattijo ne baƙar fata, mai zane, wanda ke zaune a wani tsohon gidan haya da aka yanke hukuncin rushewa. Robert Earl Jones ne ya fito a matsayinsa, mahaifin shahararren ɗan wasan nan James Earl Jones. Shi wannan dattijo bai yi zanensa a kan takarda ko ƙyalle ba, balle a naɗe a sa a mota. A jikin bangon ɗakunansa ya yi shi, aikin shekara da shekaru. In katafila ta taɓa ginin, ta taɓa aikin rayuwarsa baki ɗaya. Da wannan ne al'amarinsa ya sami hanyar hawa teburin edita, domin yanzu akwai hoto, akwai ranar da za a yi rusau, akwai abin da mai karatu zai ce kash a kansa.

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa suka zaɓi mai zane, ba su zaɓi tsohon direba ko tsohon tela ba. Sai da furfura ta game mini kai na sami amsa. Ashe kowane tsoho ya yi zane a bangonsa, nasa ne kawai ba a gani. Saurayi in an tashe shi daga gida, wahalarsa ta mako biyu ce. Zai sami dillali, ya ɗauki hayar a-kori-kura, ya kwashe kayansa, gobe ya yi sababbin abokai. Tsoho kuwa ba rufin kwano kaɗai yake haya ba. Ƙafarsa ta haddace tudu da kwarin tsakar gidan, yana iya fita alwalar asuba babu fitila. Akwai mai shayin da ke rubuta masa bashi har ƙarshen wata ba tare da ya ɗaure fuska ba. Akwai mai kemis da ya san irin maganin hawan jininsa. Akwai yaran maƙwabta da yake aika, da inuwar da yake zama da hantsi, da sahun da in ba a gan shi a ciki ba kwana biyu za a zo a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Duk waɗannan a jikin bango suke, ba sa shiga mota. Shi ya sa za ka ga an mayar da dattijo gidan da ya fi nasa kyau, mai tayil da fanka, amma kafin shekara ta zagayo ya zube.

Kada ku ɗauka marubutan nan daga iska suka ƙago labarinsu. A cikin Los Anjeles ɗin akwai wata unguwa a kan tudu mai suna Bunker Hill. A ƙarshen ƙarni na 19 unguwar attajirai ce. Da suka ƙaura sai aka yayyanka manyan gidajensu ɗaki-ɗaki, 'yan fansho da masu ƙaramin ƙarfi suka cika su. A 1959 majalisar birnin ta amince da shirin sabunta wurin, aka bi shi da katafila a cikin shekarun 1960, dubban mutane suka watse. Yau dogayen benaye ne a wurin da wani ƙasaitaccen zauren kiɗa.

Wanda ya fi wannan taɓa ni shi ne abin da ya auku a birnin San Faransisko, a jihar Kalifoniya ɗin dai, mako bakwai kacal kafin a fara nuna Lou Grant. Ina roƙon ku saurari wannan da kyau, domin mutanen cikinsa 'yan ci-rani ne irinmu. A kan titin Kearny akwai wani tsohon masauki da ake kira International Hotel, inda tsofaffi 'yan asalin ƙasar Filifin da na ƙasar Sin ke kama ɗakuna da haya mai rahusa. 'Yan Filifin ɗin sun shigo Amurka ne suna samari a shekarun 1920 da 1930, suka ƙarar da ƙarfinsu a gonaki da masana'antun gwangwanin kifi da ɗakunan girkin otal-otal. Matan ƙasarsu kaɗan ne a can, dokar wancan zamani kuma ta hana su auren farar fata, saboda haka da yawansu suka tsufa babu mata babu ɗa. Mutanensu na kiransu manong, wato yaya ko babban wa. Sun fito ne da niyyar su tara abin da za su tara su koma gida, kamar yadda kowannenmu ya ce ranar da ya hau mota a tashar garin nan. Ba su koma ba. A 1968 masu ginin suka ba su notis. Tsofaffin nan, da taimakon ɗalibai da ƙungiyoyin ma'aikata, suka yi shekara tara suna jayayya a kotu da kan titi. Jami'in da ke zartar da hukuncin kotu a gundumar, Richard Hongisto, har kwana biyar ya yi a kurkuku saboda ya ƙi fitar da su. Amma a ƙarshe, cikin tsakar daren 4 ga Agusta 1977, 'yan sanda, wasu a kan dawaki, suka keta dubban mutanen da suka yi wa ginin zobe, shi Hongiston da kansa ya ɗauki guduma yana fasa ƙofofi, aka fito da tsofaffin waje. Aka rushe ginin. Sai me? Sai filin ya zauna rami, fiye da shekara ashirin babu abin da aka gina. A 2005 aka buɗe sabon gini a wurin mai gidaje 104 domin tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi. Shekara ashirin da takwas ke nan bayan wancan dare, kuma galibin waɗanda aka fitar sun riga sun kwanta dama.

Wasan bai tsaya a kan dattijo mai zane ba. A 1979 ya sake komawa ga tsofaffi sau biyu. A wani kashi, Billie ta ɓad da kama ta ɗauki aikin jinya a gidan kula da tsofaffi don ta ga da idonta yadda ake riƙonsu. A wani kuma, bincike ya kai su unguwar masu kwana a titi, inda Lou Grant ya yi kiciɓis da likitan da ya taɓa duba shi, yanzu ya zama ɗaya daga cikin masu kwanan kwararo. Likita fa, jama'a, ba ɗan dako ba.

Sai dai ba na so in cika yabon wasan har ku ɗauka ya gyara duniya. Yana da aibinsa, kuma aibin na sana'armu ne. Jaruman wasan 'yan jarida ne. Tsoho baƙon mako guda ne. In sa'a ɗaya ta cika, mako mai zuwa Rossi da Billie suna kan wani labari, ba wanda zai sake tambayar inda dattijo ya kwana. Haka muke a zahiri, mu ma. Dokokin taƙaita ƙarin kuɗin haya da aka kafa a Los Anjeles da Santa Monika a 1979 gumin 'yan haya ne da suka haɗa kai suka matsa wa hukuma lamba. Ko a Ingila, inda BBC ta nuna wani wasa a kan rashin muhalli mai suna Cathy Come Home a watan Nuwamba na 1966, wanda kimanin mutum miliyan 12 suka kalla a dare guda, ƙasa ta girgiza, sai a 1977 aka yi dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa marasa muhalli wurin zama. Wasa yana buɗe ido, amma ba ya dama siminti. Shi kansa Lou Grant, duk da lambobin yabo na Emmy 13 da ya ci, an dakatar da shi a 1982. Gidan talabijin ya ce masu kallo ne suka ragu. Ed Asner kuwa, har ya bar duniya a 2021, ya tsaya a kan cewa sukar da ya yi wa manufar gwamnatin Amurka a ƙasar Elsalbado ce ta jawo.

Ranka ya daɗe Uban Taro, yanzu zan faɗi abin da ya sa wannan wasa ya ƙi fita daga raina, ko da yake ba abin alfahari ba ne.

A tsakiyar shekarun 1990 ni ne editan labarai a gidan talabijin ɗin da nake aiki. Wata ranar Alhamis da hantsi mai gadi ya shigo ya ce ga wani dattijo a bakin ƙofa ya ƙi tafiya. Na fita na same shi tsaye a rana, da farar rigar da ta sha wanki har ta gaji, riƙe da takarda a cikin leda. Ya yi shekara talatin da 'yan kai yana masinja a wata ma'aikata, ya yi ritaya, giratutinsa bai fito ba, ga shi an ba shi notis ya bar kwatas. Ya ce mini, “Yaro, ba roƙo na zo ba. So nake a ɗauke ni a nuna, ko wani babba zai gani.” Na ce, “Baba, na ji.” Kyamara ɗaya ke gare mu mai lafiya a ranar, kuma gwamnan soja zai buɗe wani taro da azahar. Na auna shi da mudun nan da na faɗa muku, bai cika ba. Na karɓi kwafin takardarsa, na sa masa kuɗin mota a aljihu, na ce ya dawo Litinin. Ya dawo Litinin, ina wurin wani taron. Bai sake dawowa ba. Daga baya mai gadin ya shaida mini cewa dattijon ya koma zauren wani abokinsa da zama, iyalinsa an rarraba su gidajen dangi, kuma bai ga ƙarshen damina ta gaba ba. Ni ne fa wanda ya zauna a Amurka yana kallon Renewal yana girgiza kai, yana cewa ai mu a ƙasarmu ba a yi wa tsoho haka.

Wannan magana ta “mu ba ma yar da tsofaffinmu” ina so mu ɗan juya ta. Akwai gaskiya a cikinta, kuma abin godiya ne. Amma an gina ta ne a kan gidan gandu, mai zaure da sassa da fili a baya, inda ƙarin mutum ɗaya ƙarin ɗaki ɗaya ne na ƙasa da azara, aikin gayya na kwana uku. Mu da ke wannan zaure yawancinmu ba a irin wannan gida muke ba. Muna cikin ɗaki biyu da falo ne a Kubwa ko Agege ko Rigasa, ana biyan kuɗin shekara a dunƙule, mai gida na ƙirga kawunan da ke shiga banɗaki. Zumunci na nan a zuciya, amma ɗakin da za a sa shi ya yi ƙaranci. Gidan gajiyayyu da ke Shahuci a Kano ba jiya aka buɗe shi ba, kuma ba aljanu ne ke kwana a ciki ba.

Ma'aikacin gwamnati na zamaninmu ya taso yana ganin kwatas kamar gidan ubansa. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta shigo da tsarin mayar da irin waɗannan alfarmomi zuwa kuɗi a cikin albashi, aka shiga sayar da gidajen gwamnatin tarayya. Mai hali ya saya ya huta, marar hali ya fita. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi kowane wata, amma ku ɗaga hannu, mutum nawa a nan suka taɓa samun rancen gina gida daga cikinsa? Na ga hannu uku, Allah Ya sanya albarka. A 2022 hukumar fansho ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar da ta ba mai asusun fansho damar amfani da har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara a matsayin kafin alƙalamin rancen gida. Matasanmu da ke bakin aiki su je su bincika tun da sauran ƙarfi. Duk wannan kuwa maganar mai albashi ce. Mai gadi da mai sayar da goro da direban tirela da suka yi shekara arba'in a kudu ba su da ko asusun da za a yanka.

Za a ce to su dawo gida mana. Wane gidan? Ɗakin da mutum ya bari yana saurayi damina talatin ta bi ta kansa, ya zama kango, ko kuwa an raba gado yana nesa, an sayar da sashen an aika masa da 'yan kuɗin da suka ƙare a asibiti. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana, kuma ba ba'a suke yi ba. Sannan akwai iyayenmu mata, waɗanda nasu ya fi na kowa shiru. Maigida ya rasu, kafin a yi arba'in an kira dillali, an sa gida a kasuwa don kowa ya karɓi rabonsa. Tumunin da shari'a ta ba ta haƙƙinta ne, ba wanda ya isa ya taɓa shi, amma tumunin gidan talaka, balle in su biyu ko uku za su raba, ba ya sayen ɗaki a birni. Shari'ar da ta raba gadon ita ce kuma ta ɗora wa 'ya'ya nauyin muhallin uwarsu, sai dai wannan ɓangaren ba a cika gaggawar zartar da shi ba. Sai ka ga tsohuwa wata uku a gidan wannan, wata uku a gidan wancan, da ƙullin kayanta, kamar baƙuwa a duniya.

In kuna son misalin da ya haɗa talabijin da tsufa da muhalli a nan ƙasarmu, ba sai mun je Kalifoniya ba. Wa ya manta da Malam Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara, wanda ya yi shekaru yana sa mu dariya daga Jos? A 2023 aka ga faifan bidiyonsa yana yawo a wayoyin jama'a, ya tsufa, ido ya tafi, ba shi da gidan kansa. Allah Ya saka wa ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa da alheri, shi ya saya masa gida, kuma Malam Karkuzu ya rasu a 2025 da rufin asirinsa, Allah Ya jiƙansa. Amma ku lura da abin da ya cece shi. Fuskarsa sananniya ce. Shi ne mai zanen da ake iya gani a bango. Masinjan da ya tsaya mini a rana ba shi da wannan.

Ga 'ya'yanmu da ke harkar fim da talabijin, kuma na ga biyu daga cikinsu a nan, ina da ƙorafi. Tun da Arewa24 ta fara nuna Kwana Casa'in a 2019, an tabbatar cewa ana iya yin wasan Hausa da 'yan jarida a tsakiyarsa, mutane su zauna su kalla har su yi musu a kai washegari. Gwamnoni da 'yan siyasa sun sami rabonsu a irin waɗannan wasanni, masoya kuwa sun samu har ya yi yawa. Tsoho dai har yanzu aikinsa a fim bai wuce ya zauna a kan darduma ya yi nasiha ko ya ɗaura aure ba. Ku ba shi kashi guda nasa na kansa, da notis a hannunsa, ku nuna editan da ya ce masa ya dawo Litinin. In kuna neman wanda zai gaya muku yadda editan ke ji daga baya, kun san gidana.

Ga ƙungiya kuma, Shugaba, ba zan ce a gina rukunin gidaje ba, domin na karanta rahoton ma'aji kamar yadda kowa ya karanta. Roƙona ƙarami ne. Muna da rajistar masu biyan kuɗin wata, muna da jerin waɗanda suka kammala digiri, wannan mujalla tamu kowace shekara tana buga hotunan waɗanda suka sami ƙarin girma da sarauta. Ba mu da takarda ko ɗaya da ta nuna 'yan garin nan nawa ne suka haura shekara sittin da biyar suna zaune a gidan haya a birane, da nawa ne daga cikinsu ke da ɗakin da za su iya komawa a nan. Sakatarorin rassa za su iya tattara wannan cikin wata uku, a asirce, ba tare da an tozarta kowa ba, domin dattijon kirki ya gwammace ya kwana a tasha da a karanta sunansa a lasifika. In mun san adadin, sai mu san ko ɗaki biyar za mu gyara a gidajen gado kafin damina, ko lauya ɗaya daga cikinmu zai riƙa duba takardun notis kyauta, ko dattawa uku za a wakilta su riƙa zama da magada kafin a kira dillali.

Ranar da nake kwashe kayana daga ofis zan yi ritaya, a can ƙasan aljihun teburi na tsinci kwafin takardar masinjan nan, a cikin ledarta, ta yi jawur. Ga ta nan na zo da ita. Na rufe sunansa da na ma'aikatar da tawada. Sakatare, zo ka karɓa, in an buɗe rajistar a sa ta a shafin farko.